"A Tura Wa Kowa Da Gaggawa": Uwargida, Dakata Tukuna

A watan Agustan 2014, lokacin da Ebola ta ɓulla a Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyin jama'a cikin dare ɗaya: wai a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, shi ne rigakafi. Iyaye mata da yawa sun tashi 'ya'yansu daga barci sun ba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu a dalilin haka. Gishiri ba ya maganin Ebola. In ya yi yawa a jiki, sai ya tayar da hawan jini, ya wahalar da ƙoda, yaro ƙarami kuwa yana iya sa shi jijjiga.

Akwai kuma saƙon da ke yawo tun 2017, mai cewa farasitamol mai lamba P-500 na ɗauke da ƙwayar cutar Machupo. Cutar gaskiya ce, a ƙasar Bolibiya take, ɓeraye ke yaɗa ta, amma babu inda aka taɓa samun ta cikin ƙwayar magani. Illar saƙon ita ce uwa ta ga jikin ɗanta ya yi rau da zazzaɓi, tsoro ya hana ta ba shi magani.

Irin waɗannan saƙonni kamanninsu ɗaya. Babu kwanan wata, shi ya sa suke dawowa duk shekara kamar sababbi. Za ki ji "wani babban likita ya ce", ba suna, ba asibiti. Sai a tsorata ki, a ɗora miki alhakin duk wanda ya mutu in ba ki tura ba. A WhatsApp kuma, alamar kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ki.

Kada ki ce ai yayarki ce ta turo. Ita ma turo mata aka yi.

In batun magani ne, duba shafin NAFDAC. In annoba ce, na NCDC. In hakan ya yi miki wuya, nuna wa ma'aikaciyar jinya ranar awo ko rigakafi, mu ba ma gajiya da irin wannan tambaya. Kafin nan, riƙe saƙon a wayarki, kada kuma ki ba yaro komai a kansa. Rigakafi ya fi magani, amma sai in na gaskiya ne.