Hatsin da ke zubewa bayan injin girbi: ka ƙirga kafin ka biya direba

Tsadar abincin kaji da na kifi ta sa da yawanmu sun koma noma masara da waken suya da kansu. Ga wanda ke Karaye ko Rogo kuwa, ƙasa ta ba da dama: damina tana kyau, ga fadamu, ga madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992. Sai dai lokacin kaka leburori na wuya, shi ya sa wasu ke haɗa kuɗi su ɗauko hayar injin girbi mai yanka da casa lokaci guda, wato kombayin, irin wanda aka saba gani a gonakin shinkafa na Kadawa da Kura.

Injin yana da sauri, gaskiya. Amma yana zubar da hatsi, kuma ido ba ya gani sai an tsuguna.

Mu yi lissafi. Ƙwayar waken suya 100 kusan giram 15 ce. In ka tsinci ƙwaya 40 a fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, ka yi asarar kilo 60 a kowace hekta. A masara, ƙwaya 20 kacal ce ke ba da wannan lissafin. Gona mai hekta 5, buhu uku ke nan. Kaji masu ƙwai 100 na cin kusan kilo 12 a rana, rabinsa masara, ka ga buhu ukun nan masarar kwana 50 ce ka bar wa zabi da kurciya.

To yaya za ka gane inda ɓarnar take? Kafin injin ya shiga, ka ƙirga abin da ya riga ya zube da kansa, don kar ka ɗora wa direba laifin da ba nasa ba. Ya yi tafiya kaɗan, ka tsayar da shi ya ja baya, ka ƙirga a inda bakin yankan kaɗai ya taɓa. Sannan ka koma bayan injin ka yaye ƙaiƙayi ka sake ƙirgawa.

In a baya hatsi ke fita tare da ƙaiƙayi, ko fanka ta yi ƙarfi, ko rariya ta toshe, ko gudu ya yi yawa. In kwanso na fita ba a fasa ba, gangar casa ce ba ta kama sosai. In kuma hatsin na farfashewa, a rage mata gudu. Wannan kar ka raina shi, domin fasasshiyar masara ita ke saurin yin fumfuna a buhu, gubar fumfuna kuwa na rage ƙwai, tana hana kifi girma.

A waken suya, mafi yawan asarar a gaba take. Nan ne matsalarmu ta gida: kunya. Mun saba huɗa da garmar shanu, shi kuma waken 'ya'yansa na farawa tun daga ƙasa. Bakin injin ba ya iya sauka a gona mai kunya, sai ya yanke sama ya bar kwanson ƙasa a jiki. In kana da niyyar kiran injin, tun wajen shuka za ka baje gonar, ka cire kututture, kuma ban da gauraya amfani biyu a layi. Iri ma da bambanci, TGX 1448-2E na IITA bai cika fashewa a gona ba.

Da zarar iskar hunturu ta fara, kwanso na fashewa da taɓi kaɗan. A yanka da hantsi kafin rana ta take, ko da yamma. Shinkafa ma kar a jira ta bushe ƙarau a tsaye.

Maganar direba kuma, yawanci da hekta ake biyansa, wani na jiransa a gaba, dole ya so gudu. Ku yi magana tun kafin a tayar da injin: "Malam, za mu tsaya mu duba bayan zagayen farko." Ga wake, tafiyar kilomita 4 zuwa 5 a awa ta isa, kamar dai tafiyar mutum a ƙafa. In yaronka na bin injin yana haɗawa da gudu, ɗaga wa direba hannu.