Kafin ka buga kwanon nan, tambayi magini ina zafin zai bi

Shiga ɗakin kwano marar silin a Gummi da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, ka ɗaga hannu sama. Tun kafin ka taɓa kwanon hucinsa zai dake ka. Bangon bulo kuwa yini yake yana shan rana, sai bayan isha'i ya fara amayar da ita cikin ɗaki. A da, sai a ja tabarma tsakar gida. Yanzu tsoron 'yan bindiga ya sa a ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum ana garƙame ƙofa, a toshe 'yar tagar da tsumma, yara biyar ko shida a ɗaki guda. Ba zafi ke haifar da sanƙarau ba, ƙwayar cuta ce, amma irin wannan cunkoso take so. Zamfara ce annobar 2017 ta fi yi wa ɓarna.

A shekarar ce kuma Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, zamanin Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Abin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne: a sa abin tare zafi ƙarƙashin rufi, kada gilashin taga ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi masa inuwa, a sa ƙwayayen fitila da na'urar sanyaya ɗaki marasa zuƙar wuta. Sai dai izinin gini a hannun jihohi yake. Muddin jiha ba ta rungume ta ba, takarda ce kawai a Abuja.

Ribar a aljihu take. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk mai janareta ya san kuɗin sa'a guda. Asibitin da aka yi wa rufi mai kyau, sola kaɗan ta ishe shi. Aji mai tagogi suna fuskantar juna, ɗalibi ba zai yi gyangyaɗi tun sha ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata Majalisar Dokoki a Gusau ta fara da gine-ginen gwamnati, ta ɗaure ɗan kwangila. Kada dai abin ya koma wata sabuwar hanyar karɓar na goro daga talaka mai ɗaki biyu.

Maginanmu na gargajiya sun riga takardar: bango mai kauri, rufin azara da ƙasa, soro mai sanyi tsakar bazara. Mu muka raina su.

Kai mai gini, ba sai ka jira doka ba. Ɗaga rufin, sa silin ko na zana ne, bar kafar da hucin zai fita ta sama. Taga ta kalli kudu ko arewa, da ƙarfe da raga don a iya barin ta buɗe da dare. Bangon yamma a dasa masa dogon yaro. In da tubali za ka yi, ɗora shi kan harsashin dutse da siminti; ambaliyar Gummi ta 2024 ta nuna yadda ruwa ke cin gindin bango. Kuma kada ka haƙi ƙasar gini inda aka taɓa niƙa dutsen zinariya. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Bagega, Dareta da 'Yargalma a 2010 cikin ƙasa take zama.