Yadda ake kashe fitilar tunin sabis bayan an yi wa mota juye

Masu motoci da dama kan baro gareji bayan an zuba musu sabon baƙin mai, amma su ga ƙaramar fitilar nan ta gaban direba tana nan a kunne. Wasu sukan zargi bakanike da ha'inci, wasu kuma su yi watsi da ita har ido ya saba da haskenta. Gaskiyar lamarin ita ce, a yawancin motocin da ke kan titunan Nijeriya, wannan fitila ba ta san an canza mai ba. Lissafi kawai take yi, kuma sai an mayar da lissafin farko kafin ta mutu.

A motocin Toyota da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Corolla da Camry, rubutun MAINT REQD ne ke bayyana. Yakan fara ƙiftawa idan an tayar da mota bayan tafiyar mil 4,500, sa'annan ya tsaya cak a mil 5,000, wato kimanin kilomita 8,000. Honda kuwa, a Accord da Civic na shekarun baya-bayan nan, kwamfutar motar ce ke ƙiyasta ragowar ƙarfin man bisa yanayin aikin inji, ta nuna shi da kashi cikin ɗari. Idan ya sauko zuwa kashi 15, sai hoton sifana ya kama.

Ga mai Corolla ta 2009 zuwa 2013 ko Camry ta 2007 zuwa 2011, zai murɗa makulli har fitilu su kama ba tare da ya tayar da inji ba. Sai ya danna ɗan maɓallin da ke jikin mita har ta nuna Trip A, ya kashe makulli. Daga nan sai ya danne maɓallin, ya sake murɗa makulli yana riƙe da shi. 'Yan layuka za su bayyana suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har sifilai su fito, fitilar ta mutu. A samfuran da suka girme su, a kan ODO ake barin mita maimakon Trip A. Motar da ake tayarwa da maɓalli kuwa, sau biyu ake danna shi ba tare da an taka birki ba.

A Honda, bayan an kunna makulli, ana danna maɓallin mita har lissafin mai ya fito. Sai a riƙe shi kimanin daƙiƙa 10 har lambar ta fara ƙiftawa, a saki, a sake riƙewa kimanin daƙiƙa 5 har ta koma 100. Sababbin motoci kuma ta maɓallan sitiyari ko allon gaba ake shiga wurin saiti. Littafin da kamfani ya haɗo da motar shi ne ke da tabbacin matakan kowane samfuri.

Sai dai akwai fitilu biyu da bai kamata a haɗa su da wannan ba. Ta farko ita ce jar fitila mai hoton butar mai. Idan ta kama ana cikin tafiya, ma'anarta mai ba ya zagayawa da ƙarfin da ake buƙata, don haka wajibi ne a tsaya a kashe mota nan take, domin tafiyar 'yan mintoci na iya sa inji ya buga. Ta biyu ita ce ruwan ɗorawa mai hoton inji, wadda ke nuna kwamfuta ta gano matsala. Ita sai an jona na'urar bincike a mahaɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta tilasta sanya shi a motocin Amurka tun 1996. Cire kan batir don a kashe ta, kamar yadda wasu ke yi, ɓoye cuta ne kawai, kuma takan dawo.

Haka nan, mutuwar fitilar sabis ba hujja ba ce cewa an yi juye, tunda kowa na iya kashe ta cikin minti ɗaya. Mai sayen motar hannu, ko wanda ya aiki direba gareji, ya kyautu ya zaro sandar awon mai ya duba launinsa da yawansa, ya kuma nemi ganin tsohuwar filtar da aka cire.

Ƙurar hunturu, zafin bazara da doguwar tsayuwa a cunkoson Legas, Abuja ko Kano suna gajiyar da mai da wuri, kuma fitilar da ke ƙidayar nisa kaɗai ba ta lissafa su. Saboda haka yana da kyau a rubuta ranar juye da lambar mita a ɗan littafi, a kuma tabbatar an mayar da lissafin farko kafin a bar gareji, domin fitilar ta sake kamawa a lokacin da ya dace.