Sabon Kan Jirgi a Tsohon Layi

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa jihar Tawa ba. Yaron Birnin Konni ko Illela da ke son abin hawa, kara da gwangwani yake nema ya ƙera motarsa. A Jamus da Amurka kuwa, dattawa masu furfura ne ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a ɗaki, faɗinsa milimita 16.5, suna tuƙa jiragen da aka ƙanƙantar sau 87. Wasa ne, amma akwai ilimin lantarki a cikinsa da zai amfani duk mai taɓa waya da batir.

Tsohon tsari ba shi da wuya. Ana sakar wa layi wuta irin ta batir, wato DC, irin wadda farantan sola na tashar Malbaza mai megawat 7 ke fitarwa kafin inbata ta juya ta. Daga sifiri zuwa bolt 12, ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya wayoyi ya koma da baya. Aibinsa shi ne duk jirgin da ke kan layin tare suke tashi, tare suke tsayawa.

A shekarun 1980 kamfanin Lenz na Jamus ya ɓullo da tsarin da ake kira DCC, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta ɗauke shi daga baya. A nan layi kullum cike yake da wuta, umarni na tafe a cikinta. Kowane kan jirgi na da ƴar ƙwaƙwalwa, dikoda, da lambarsa. Kamar makiyayi ne da ke kiran saniya ɗaya da sunanta a tsakiyar garke. Sabo fil daga masana'anta, lamba 3 yake amsawa.

To, idan aka ɗora irin wannan kan jirgi a tsohon layi fa? Galibi yana tafiya, muddin an ba dikodar izini a saitin da ake kira CV29. Masu yawa kan rufe wannan izini da gangan, don datti a layin DCC kan ruɗa jirgi ya zaci DC ce ya sheƙa a guje. Wanda ya sayi na hannu ya ga ya ƙi motsi, ya fara duba nan kafin ya ce an cuce shi.

Ko ya tafi, ba ya tashi da wuri. Sai dikoda ta sami wajen bolt 5 ta farka, mai sauti ma ya fi haka ci, don haka haɗa shi da tsohon kan jirgi su ja tarago tare rigima ce: ɗaya na ja, ɗaya na barci. Usur da fitilu ma yawancinsu sun fita hannunka.

Haɗarin da ya fi girma yana wajen abin sarrafa wutar. Masu sakin wuta tsinke-tsinke kan ruɗa dikoda, na'urar goge layi da lantarki kan ƙona ta, haka ma tsohuwar taransifomar kamfanin Märklin da ke cilla wuta sama da bolt 20 don juya jirgi. Ni dai a ganina, karanta takardar dikoda ya fi sayen wata araha.