Iska, Giya da Sarƙa: Kimiyyar da ke Cikin Tseren Keke a Birnin Kano

Da sanyin safiyar Asabar, bayan an idar da sallar asuba, ɗan tseren keke mazaunin cikin birnin Kano yakan fara turo kekensa da hannu ne tukuna. Lungunan cikin ganuwa ba a yi su don gudu ba: ga kwata, ga kwana, ga yara masu zuwa sayen koko da ƙosai. Sai ya fita ta Ƙofar Kabuga ya hau titin Gwarzo, ya wuce Rijiyar Zaki da sabon matsugunin Jami'ar Bayero, sannan zai sunkuya ya shiga aikin da ya fito da shi. Tseren ba sana'arsa ba ce. Ƙila tela ne, ƙila ɗalibi, ƙila yaron shago ne a kasuwar Kurmi, kuma kekensa na hannu ne da ya daɗe yana tara kuɗinsa. Saboda haka tambayar da ke gabansa kullum ita ce: ɗan abin da ya rage a aljihu, a kan me ya kamata a kashe shi don gudu ya ƙaru?

Amsar da aka fi ji ita ce a rage wa keke nauyi. Lissafi bai goyi bayan wannan ba, aƙalla a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta Kano, inda in ban da Dala da Goron Dutse da wuya a sami tudun kirki. A ɗauka mahayi da kekensa sun yi kilo 75, yana kuma gudun kilomita 35 cikin sa'a. Ƙarfin da yake zubawa a feda zai kai kimanin wat 220. Daga ciki, abin da ke tafiya wajen mirgina tayoyi a kan kwalta bai kai wat 40 ba, kuma wannan kason ne kaɗai nauyi ya shafa. In ya sayi sirdi da ƙarafa masu tsada ya rage kilo guda cur, ribarsa rabin wat ce. Sauran wat 180 ɗin nan iska ce ke cinye su.

Iskar da ba a gani

Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Gaba take yi ta bar shi. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar takan ninka sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuwa ya ninka sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa tashi daga kilomita 15 zuwa 20 cikin sa'a ba ya gajiyar da kowa, amma tashi daga 35 zuwa 40 sai an ci wuya. Bugu da ƙari, kusan kashi uku cikin huɗu na turjiyar daga jikin mahayi take fitowa, ba daga keke ba. Lanƙwasashen kan keken tsere da matsattsun kayan da ke sa mutanen unguwa dariya duk maganin wannan ne. Dattijon da ke zaune a miƙe bisa Raleigh ko Phoenix ɗinsa, babbar riga na kaɗawa, ya shimfiɗa wa iska tabarmar da za ta kama. Shi dai ba sauri yake yi ba.

Tarihin gasar gudun sa'a guda ya tabbatar da haka. A 1972 Eddy Merckx na Beljiyam ya tafi birnin Meziko, mai tsayin fiye da mita 2,200 daga teku, inda iska ba ta da kauri, ya yi kilomita 49.431. A 1984 Francesco Moser na Italiya ya zo da tayoyi rufaffu kamar faifai ya yi 51.151. A 2022 wani ɗan Italiyan, Filippo Ganna, ya kai 56.792 bisa keken da aka tsara musamman don yanka iska.

Ɗan tseren Kano ba shi da kuɗin irin wannan keke, amma yana da dabaru biyu na kyauta. Ta farko bin bayan abokin tafiya: wanda ya matsa kusa da tayar bayan wani yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, shi ya sa ake jerawa ana karɓa-karɓar gaba. Ta biyu sanin mahuran iska. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Gwarzo zai ji kamar ana tura shi, har ya yi nisan da bai shirya ba, sai a dawowa ya haɗu da ita gaba da gaba bayan ƙarfinsa ya ƙare. Mai gudun kilomita 30 da iskar kilomita 10 ta tara yana fama ne da turjiyar da ta kusa ninka wadda ya saba sau biyu. Wanda ya gane yakan fita ta titin Haɗeja a wannan lokaci, ya yi faɗan da sauran ƙarfinsa, iska ta rako shi gida. Da damina kuwa al'amarin yakan juya, tunda daga kudu maso yamma take zuwa.

Haƙoran giya

Giya ba ta ƙara wa mutum ƙarfi; tana raba masa shi ne. Idan faifan gaba yana da haƙora 52, na baya kuma 13, zagayen feda ɗaya zai juya taya sau huɗu. Kewayen tayar keken tsere kimanin mita 2.1 ne, wato kowane zagaye mita 8.4 ke nan. Mai iya zagaye 90 a minti da wannan giya zai yi kilomita 45 cikin sa'a. Amma kaɗan ne ke iyawa. Sabon shiga yakan ɗora giya mafi nauyi don a gan shi, yana nishi da zagaye 50 ko 60, gwiwoyinsa na ɗaukar wahalar. Da ya koma faifan baya mai haƙora 17 ya riƙe zagaye 90, da ya yi kusan kilomita 35 ya kuma daɗe bai sare ba. Ɗalibi zai iya gwada wannan lissafi da kowane keke: a ƙirga haƙora, a auna taya da zare.

Jikin mahayi ma inji ne, kuma mai ɓarna. Cikin makamashin da tsoka ke ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne ke zama motsi. Sauran zafi ne da dole a fitar ta gumi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kusanci digiri 40, mai atisaye zai iya zubar da fiye da lita guda ta gumi cikin sa'a, tare da gishirin jikinsa. Hunturu ya fi yaudara, domin busasshiyar iska na shanye gumin tun kafin a gan shi. Jiri, ciwon kai da fitsari mai duhu alamu ne na a sauka a nemi inuwa da ruwa. Hular kwano kuwa ba abin jayayya ba ce a titin da ake rabawa da tirela da A Daidaita Sahu.

Aikin zaure

Da la'asar ɗin Lahadi ake kifa keke a zaure. Aikin farko duba iskar taya. An daɗe ana ɗauka cewa gwargwadon taurin taya gwargwadon gudunta, amma gwaje-gwajen shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa a titi mai gargada taya mai tauri ƙwarai tsalle take yi, ƙarfi na salwanta a jijjiga. Shi ya sa manyan 'yan tsere suka bar siraran tayoyi masu faɗin milimita 23 suka koma 28 ko fiye, da iska mai sassauci. Sai dai in ta yi laushi da yawa, rami ɗaya ya isa ya matse tub a jikin ƙarfe ya huda shi wuri biyu, a ƙare a gaban mai faci. Zafi ma yana da hannu: tayar da aka bai wa iska a sanyin digiri 20, in kwalta ta gasa ta zuwa 50, matsin iskar cikinta zai ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100.

Sarƙa ce ta fi shan wahala a Kano. Tsabtatacciya tana isar da fiye da kashi 95 cikin 100 na ƙarfin ƙafa zuwa taya. Amma ƙurar hunturu in ta haɗu da mai sai ta zama wani kwaɓin wasa ƙarfe, ta riƙa cin ƙusoshin sarƙar daga ciki. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda da yawa ke shafawa saboda arha, ya riga ya zo da nasa garin ƙarfen. Abin da ya dace shi ne a wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan a goge bayanta da tsumma har sai ba ta ɓata hannu.

Auna lalacewarta kuma rular makaranta ta wadatar. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, don haka in aka ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, ta sabuwar sarƙa za a ga wata ƙusar daidai kan inci 12. In ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sauya sarƙa ya yi. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta fara cin haƙoran giya, kuma sabuwar da za a saka za ta riƙa zamewa a kansu har sai an sayi faifan baya shi ma.