Li'irabi a Hannun Kwamfuta: Ɗinkin Ƙananan Mafeɗa, da Misalai daga Rijiyar Kusugu

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin nahawu ya san li'irabi, wato feɗe jimla a fito da sassanta, kamar yadda littafin nahawun Hausa na M.K.M. Galadanci na 1976 ya saba mana. Manufar wannan 'yar takarda ita ce nuna cewa masana kwamfuta suna da wata dabara ta koya wa na'ura wannan aiki, kuma dabarar ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin Hausa. Jimlar da za mu yi aiki da ita daga tarihin baka na Daura ta fito, inda aka ce macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a:

(1) Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu.

2.0 Mafeɗi da Maɗinki

Za mu kira ɗan shirin kwamfuta mai li'irabi da suna mafeɗi. Aikinsa ɗaya ne: a ba shi rubutu, ya duba farkonsa, in ya sami abin da yake nema ya ɗauka ya miƙa saura gaba, in bai samu ba ya ce ya kasa. Mafeɗin suna, alal misali, idan aka ba shi jimla ta (1), zai cire "Bayajida" ya bar sauran.

Akwai harsunan shirya manhaja, irin su Haskell wanda ya fito a 1990, da aka gina bisa ayyukan lissafi. A cikinsu ana iya miƙa aiki ga wani aiki tamkar yadda ake miƙa lamba. Saboda haka ana iya rubuta aikin da zai karɓi mafeɗa biyu ya mayar da su guda. Shi ne za mu kira maɗinki. Manyan maɗinka uku ne:

(a) Jeri: wannan ya fara, wancan ya biyo. Jimla ita ce yankin suna sannan yankin bayani.
(b) Zaɓi: ko wannan ko wancan. Yankin suna yana iya zama suna ko wakilin suna.
(c) Maimaici: abu ɗaya sau da yawa, kamar sarƙar mallaka a "bakin rijiyar garin Daura".

Ke nan ƙa'idar da malami yake rubutawa a allo ita ce kusan shirin kansa. William Burge ya bayyana tushen dabarar a 1975, Philip Wadler ya faɗaɗa ta a 1985, sai Graham Hutton da Erik Meijer suka fito da wani salo a 1996 wanda ya ba mafeɗi na biyu damar dogara da abin da na farko ya samo. Amfanin wannan ga Hausa a fili yake. In an sami "Bayajida" sai a nemi "ya", in an sami "Daurama" sai a nemi "ta". Jituwar jinsi ke nan.

3.0 Inda Hausa Take Gwada Na'ura

Matsala ta farko ita ce ta tagwayen baƙaƙe. A ce mun umarci mafeɗi ya nemi "ts", in bai samu ba ya nemi "t". Da kalmar "tsaya" babu damuwa. Amma da "taya", zai haɗiye "t", ya tarar da "a" a inda yake jiran "s". Shin zai koma baya ya gwada zaɓi na biyu? A rumbun mafeɗa mai suna Parsec, wanda Daan Leijen ya rubuta kuma suka yi bayaninsa tare da Meijer a 2001, ba ya komawa sai an ba shi izini na musamman. An yi haka ne don sauri, da kuma don ya iya faɗin ainihin wurin da kuskure yake. Abin da ya sami "ts" da "t" shi zai sami "sh" da "s", da "ky" da "k".

Ta biyu ita ce harshen damo. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Dubi wannan:

(2) Daurama ta ce ya kashe macijiya.

Idan "ya" doguwa ce mai karin sama, labari take bayarwa, an riga an kashe. Idan gajera ce mai karin ƙasa, umarni ne, macijiya tana nan da ranta. Dabarar Wadler ita ce mafeɗi ya kawo jerin duk li'irabin da zai yiwu, a nan guda biyu. Parsec kuwa na farkon da ya dace yake ɗauka ya wuce. Wanda bai san Hausa ba ba zai ma lura an yi asarar ma'ana ba.

Ta uku ita ce ƙa'ida mai kiran kanta tun daga farko, kamar a ce yankin suna shi ne yankin suna da wani abu a bayansa. A allo daidai ne, amma mafeɗi irin na Parsec zai yi ta kiran kansa bai ci ko harafi ɗaya ba, kamar guga mai sauka a rijiyar da ba ta da ƙasa. Maganin abin shi ne a sake rubuta ƙa'idar da maimaici.

4.0 Sababbin Bugu

Rumbunan nan, kamar littattafai, ana sake buga su, kowane bugu da lambarsa. Bugu na 3 na Parsec ya fito a 2008, ya ba da damar karanta rubutu iri-iri. Bryan O'Sullivan ya fito da attoparsec don sauri. A 2015 Mark Karpov ya tsago Megaparsec daga Parsec, ya fara ƙirga daga 4. Tun daga bugu na 4.4.0, mafeɗinsa na jerin haruffa yana komawa baya da kansa, wato matsalar "taya" ta kau. Bugu na 7, na 2018, ya sauya yadda ake ba da rahoton kurakurai, har sai da masu tsofaffin shirye-shirye suka yi gyara. Darasin shi ne, ƙa'ida ɗaya tana iya kasawa a wannan rumbu ta yi nasara a wancan, don haka wajibi ne mai bincike ya rubuta sunan rumbu da lambar bugun da ya yi aiki da shi, kamar yadda yake rubuta shekarar littafi.

Haka kuma a kula da baƙaƙe masu lanƙwasa. A tsarin UTF-8, "k" ma'auni ɗaya take ci, amma "ƙ" da "ɗ" da "ɓ" biyu-biyu. Sashen attoparsec mai karanta ma'auni ɗai-ɗai zai ga "ƙ" a matsayin baƙin haruffa biyu, sai a zaɓi sashen da ke karanta cikakken harafi. Sannan Daura tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, inda ake rubuta "ƴaƴa" a maimakon "'ya'ya". Mafeɗin da zai karanta rubutun ɓangarorin biyu dole a ɗinka masa zaɓi a nan.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa jeri da zaɓi da maimaici sun isa a gina mafeɗin jimla, kuma mun ga wuraren da Hausa take tuntuɓe da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da masanin kwamfuta zai warware shi kaɗai, domin sai wanda ya san "ya" biyu ce a jimla ta (2) zai gaya wa na'ura ta nemi biyu. Shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kowa ya ɗauki jimla biyar daga labarin Kusugu, ya rubuta ƙa'idojinsu da maɗinkan nan uku a takarda, ya bi su harafi-harafi kamar shi ne na'urar. Duk inda ya maƙale, to nan ne nahawunmu yake bukatar ƙarin bincike.