Kifin Kod da Ƙwayoyin Gadon Garkuwar da Ya Rasa

Garkuwar jikin dabbobi masu ƙashin baya iri biyu ce. Akwai ta asali, wadda take afka wa kowace baƙuwar ƙwayar cuta ba tare da tantancewa ba. Akwai kuma mai koyo, wadda take gane takamaimiyar cuta, ta riƙe kamanninta, ta yadda in cutar ta dawo sai ta iske jiki a shirye. Da wannan ta biyun allurar rigakafi take aiki.

Garkuwa mai koyo irin tamu ta fara bayyana ne a jikin kifaye masu muƙamuƙi, kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce. Ginshiƙinta ƙwayoyin gado biyu ne, RAG1 da RAG2, masu yanka wasu sassan gado a cikin fararen ƙwayoyin jini su sake haɗa su, har a samu miliyoyin makamai mabambanta daga 'yan sassa kaɗan. Sai rukunin MHC, masu ɗauko gutsuren ƙwayar cuta su nuna wa mayaƙan jiki.

An daɗe ana ɗauka cewa duk mai muƙamuƙi sai da wannan tsari cikakke. A shekarar 2011 masana a Jami'ar Oslo suka gama karanta kundin gadon kifin kod na Tekun Atlantika, wanda busasshensa ke zuwa kasuwannin Nijeriya daga Norwe. Sai suka tarar ba shi da rukunin MHC na biyu, ba shi kuma da CD4, abokin aikinsa. A jikin ɗan Adam, ƙwayoyin jini masu ɗauke da CD4 su ne cutar ƙanjamau take hallakawa, an kuma san abin da rashinsu ke haifarwa. Shi kuwa kod yana rayuwa lafiya. Ga alama ya cike giɓin da ninka rukunin MHC na farko zuwa kusan 100, tare da faɗaɗa garkuwarsa ta asali. Wannan na da nasaba da kiwonsa, domin makaman da yake samarwa bayan rigakafi ba su da ƙarfi kamar na kifin salmon.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne kifin zurfin teku mai fitila a goshi. Namijin ɗan ƙarami ne. Yakan ciji macen ya manne mata har jininsu ya gauraya. Da garkuwa mai koyo tana aiki, da jikinta ya yaƙe shi. Binciken da aka buga a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa wasu nau'o'insa sun rasa har RAG ɗin kanta.